Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Ladubban Musulmi A Ganawar Neman Aiki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raba arziki a tsakanin bayinSa, Ya kuma sanya nema ya zama ƙofar samu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako filinmu zai duba wani ɗan gajeren zama ne wanda sau da yawa ba ya wuce minti 15 ko 20, amma kuwa abincin mutum da na iyalinsa na shekara 35 yana iya rataya a kansa. Wannan zama shi ne ganawar da ake yi da mai neman aiki kafin a ɗauke shi, wadda 'yan boko suke kira intabiyu. Wataƙila wani ya ce ina ruwan filin addini da sha'anin ofis. To, duk inda aka ce za a tambayi mutum labarin kansa, sa'an nan a danƙa masa amanar jama'a bisa ga abin da ya faɗa, an shigo cikin hukuncin gaskiya da ƙarya, da halal da haram, waɗannan kuwa su ne ainihin abin da aka kafa wannan fili dominsu.

A ƙasarmu ta Ikara da Maƙarfi da Kudan kowa ya san irin wahalar da ake sha kafin yaro ya kai ga wannan rana. Uba ya sayar da rake ko masara ko tumatir, uwa ta sayar da akuyarta, an tura yaro Zariya ya yi NCE, ko ya yi digiri a Jami'ar Ahmadu Bello, ko kuwa ya yi karatun kiwon lafiya a Maƙarfi. Ya gama ya komo gida Malikanci ko Paki ko Hunƙuyi, ya zauna shekara biyu ko uku yana jiran kira. Ran da kiran ya zo, sau da yawa sai ɗayan abu biyu ya auku. Ko dai ya shiga gaban kwamiti kunya ta ɗaure masa baki, ya sunkuyar da kai ya kasa faɗin abin da ya sani, ko kuwa ya shiga da takardun da ba nasa ba da maganganun da babu gaskiya a cikinsu. Na farko ya tauye kansa, na biyu ya cuci jama'a. Abin da Musulunci ya koyar yana tsakanin waɗannan biyu, watau mutum ya faɗi gwargwadon kansa daidai, kada ya rage, kada kuma ya ƙara.

ASALIN GANAWA A CIKIN ALƘUR'ANI DA SUNNA

Wanda ya karanta Suratu Yusuf, aya ta 54 da ta 55, zai ga cewa Sarkin Masar ya riga ya ji labarin Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, daga bakin mai shayar da shi, ya kuma ji shaidar matan da suka wanke shi. Duk da haka sai da ya sa aka zo da shi ya yi magana da shi ido da ido, sa'an nan ya tabbatar masa da matsayi da amincewa. A wannan zama ne Annabi Yusufu ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma ambaci siffofinsa guda biyu kaɗai, watau iya tsarewa da sanin aikin. Mu lura da abin da bai ambata ba. Bai ce shi ɗan Annabi Yaƙuba ne jikan Annabi Is'haƙa ba, alhali kuwa babu wanda ya fi shi asali a zamaninsa. Bai kuma kawo kukan shekarun da ya yi a kurkuku bisa zalunci don a ji tausayinsa ba. Abin da aikin yake bukata shi ya faɗa. Daɗin daɗawa, tun kafin ya zo gaban sarki ya riga ya ba da tsarin da za a bi: a yi noma shekara 7, a bar hatsi a zangarniyarsa don kada ya lalace, a ci kaɗan, a tanadi saura domin shekaru 7 na fari. Watau ya zo ne da sanin damuwar mai ɗaukar aikin, da kuma maganinta a hannu.

Haka nan a Suratul Ƙasas, daga aya ta 23 zuwa ta 28, an ba mu labarin Annabi Musa a rijiyar Madyana. Ɗaya daga cikin 'yan matan nan biyu da ya shayar wa dabbobi ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki, ta kafa hujja da siffa biyu, ƙarfi da amana. Malamai sun ce waɗannan su ne ma'aunin kowane ma'aikaci har gobe. Ƙarfi a nan shi ne iya aikin, ko wane iri ne. Ƙarfin malami iliminsa ne da iya koyarwa, ƙarfin ungozoma ƙwarewar hannunta ne, ƙarfin akawu iya lissafinsa ne. Duk tambayar da kwamiti zai yi wa mutum, komai yawan kwane-kwanenta, waɗannan abubuwa biyu take nema.

A cikin Sunna ma haka abin yake. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai aika Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya tambaye shi da me zai yi hukunci, Mu'azu ya ambaci Littafin Allah. Ya sake tambayarsa in bai samu a can ba fa, ya ambaci Sunna. Ya ƙara tambayarsa, ya ambaci ijtihadi. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya, amma malaman fiƙihu sun karɓi ma'anarta. Kuma Buhari ya ruwaito cewa bayan yaƙin Yamama, da Sayyidina Abubakar ya zaɓi Zaidu ɗan Sabit don tattara Alƙur'ani, ya bayyana masa dalilan zaɓen: saurayi ne, mai hankali, ba a tuhumarsa da komai, kuma ya riga ya rubuta wahayi ga Manzon Allah. Ka ga an haɗa ƙarfin jiki, da basira, da kyakkyawan suna, da sabo da aikin.

SHIN YA HALATTA MUTUM YA NEMI AIKI YA FAƊI IYAWARSA?

A nan akwai mas'alar da takan rikita ɗaliban ilmi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah ya hana Abdurrahman ɗan Samura neman shugabanci, ya nuna masa cewa wanda aka ba shi bisa roƙo ana barinsa da shi, wanda kuwa aka ba shi ba da roƙo ba ana taimakonsa. Muslim kuma ya ruwaito cewa Abu Zarri ya nemi a ba shi muƙami, Manzon Allah ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, muƙamin kuwa amana ne, kuma abin nadama ne ranar Alƙiyama sai ga wanda ya karɓe shi da haƙƙinsa ya sauke nauyinsa. To, yaya za a haɗa wannan da abin da Annabi Yusufu ya yi?

Malaman tafsiri sun amsa cewa hanin yana kan kwaɗayin mulki ne, da kuma wanda ya san bai cancanta ba. Wanda ya san ya iya, kuma ya ga in bai gabatar da kansa ba haƙƙin mutane zai tozarta, ya halatta ya nema. Balle kuma aikin albashi irin na koyarwa da jinya da akawu, wanda yake babin ijara ne, watau mutum ya ba da ƙwadagonsa a biya shi. Wannan neman halal ne, ya fi roƙo nesa ba kusa ba. Amma mu riƙe darasin Abu Zarri da kyau. Sahabi ne babba, mai gudun duniya, wanda aka shaide shi da gaskiyar harshe, duk da haka tsoron Allahnsa bai sa an ba shi aikin da ba zai iya ba. Sabo da haka intabiyu ta farko mutum shi zai yi wa kansa a ɗakinsa. In ya ga aikin ya fi ƙarfinsa, to, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Saura maganar kunya. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma a Suratun Najmi, aya ta 32, Allah Ya hana mutane tsarkake kawunansu. Abin da aka hana shi ne mutum ya yi da'awar taƙawa da fifiko a wurin Allah. Amma wanda aka tambaye shi ko ya iya koyar da lissafin aji shida, ya kuwa iya, ya ce ya iya, wannan shaida ya bayar. In ya noƙe ya ce sai dai abin da Allah Ya yi, ya ɓoye wa kwamiti abin da suke da haƙƙin sani, kuma mai yiwuwa ne ɓoyewar nan tasa ta sa a ɗauki wanda bai kai shi ba, yara su cutu. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Kunyar da ke hana mutum saɓo alheri ce tsantsa, wadda kuwa ke hana shi faɗin gaskiya ran da aka nema, sunanta rauni. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

SHIRI YANA CIKIN TAWAKKALI

Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah ko ya ɗaure taguwarsa ya dogara ga Allah, ko kuwa ya sake ta ya dogara, sai aka umurce shi ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara. Igiyar mai neman aiki ita ce shiri, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na farko, ya koma ga littattafansa. Satifiket shaida ce ta abin da mutum ya sani ran da ya rubuta jarrabawa, kwamiti kuwa abin da ya sani yau suke nema. Mutanen Jihar Kaduna ba su bukatar a je da su nesa kafin su gane wannan. A 2017 Gwamnatin Jiha ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ba da sanarwar cewa 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 da aka yanka ba, aka sallame su. An yi ta jayayya a kan adalcin wannan mataki, har ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki, ba kuwa wannan jayayya muke dubawa a nan ba. Abin lura shi ne a 2018, daga cikin sababbin da aka ɗauka don maye gurbinsu, an sake sallamar fiye da 4,500, aka ce sun kasa rubuta wasiƙar karɓar aiki yadda ya kamata. Ɗan'uwa, in shekara uku ka yi kana acaba ko kana gona tun bayan gama makaranta, babu laifi a cikin wannan, neman halal ne. Amma ka sani alƙalami yana tsatsa. Ka ɗauko shi ka rubuta wasiƙa, ka ba wanda ya fi ka sani ya gyara maka.

Na biyu, ya san wurin da yake nema. Mene ne aikin wannan hukuma ko kamfani, me za a sa shi ya riƙa yi, wace damuwa ce tasu wadda iliminsa zai warware? Wannan ita ce sunnar Annabi Yusufu da muka ambata.

Na uku, ya gyara harshensa da hannunsa. Galibin ganawar nan da Turanci ake yin ta, kuma ma'aikatu da yawa yanzu sukan fara da jarrabawa a kwamfuta kafin a kai ga tambayoyin baki. Koyon waɗannan don bukatar aiki yana da asali a Sunna, domin Manzon Allah ya umurci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa sabo da wasiƙu, ya kuwa koye shi cikin kimanin rabin wata. Yaro ya sami abokinsa ko tsohon malaminsa su zauna, wannan yana tambaya wannan yana amsawa da babbar murya, har bakinsa ya saba. In bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, ya je inda take ya biya ya koya tun da sauran lokaci.

Na huɗu, ya haɗa takardunsa na asali da kwafinsu a fayil ɗaya, da hotunan fasfo, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, ya duba ko sunansa da ranar haihuwarsa sun yi daidai a cikinsu duka. In a Kaduna za a yi ganawar da ƙarfe tara na safe, kada ya ce zai taso daga Malikanci bayan sallar asuba, gara ya kwana a Zariya ko a Kaduna wurin ɗan'uwa. Lokacin da aka yanka alkawari ne, saɓa alkawari kuwa an lissafa shi cikin alamomin munafuki. Ya sa tufa mai tsabta ko da ba sabuwa ba ce. Muslim ya ruwaito cewa son kyakkyawar tufa da takalmi ba ya cikin girman kai, kuma an san Imamu Malik da yin ado da sanya turare kafin ya zauna karantar da hadisi.

Na biyar, ya yi istihara, ya nemi addu'ar iyaye, ya yawaita addu'ar Annabi Musa da ke cikin Suratu Ɗaha, daga aya ta 25 zuwa ta 28, inda ya roƙi buɗewar ƙirji da sauƙin al'amari da kwancewar harshe. Wannan ya ishe shi. Zuwa wurin boka ko ɗan duba neman kwallin farin jini ko layar rufe bakin kwamiti kuwa, Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Wane albashi ne ya kai wannan tsada?

A CIKIN ƊAKIN GANAWA

In an kira shi ya nemi izini ya shiga, ya yi gaisuwa da sakin fuska, kada ya zauna sai an ba shi wuri. Tarbiyyarmu ta koya mana sunkuyar da kai gaban manya, amma a wannan wuri ya ɗaga kansa ya dubi mai tambaya cikin ladabi, ya yi magana yadda za a ji, domin wanda bai san al'adarmu ba zai ɗauki sunkuyawar rashin sani ce. Ya bari a gama tambaya kafin ya amsa. In bai gane ba ya nemi a maimaita. Ya amsa abin da aka tambaya, ya kawo misali daga abin da ya taɓa yi da hannunsa, ko a koyarwar gwaji, ko a bautar ƙasa, ko a Islamiyyar unguwarsu, sa'an nan ya yi shiru.

In an tambaye shi abin da bai sani ba, ya ce bai sani ba. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48, ya amsa 32 daga cikinsu da cewa bai sani ba, shi ne kuwa malamin Madina wanda muke bin mazhabarsa. Na taɓa zama cikin kwamitin ɗaukar malaman Larabci a wata makaranta, muka ba masu nema ɗan nassi maras wasali su karanta su yi i'irabinsa. Wani ya ci karo da kalmar da ta shige masa duhu, sai ya ƙaga mata ƙa'idar da babu ita a nahawu, ya kuma kafe a kai. Wani da ya iso wurin ya ce wannan kalma ta fi ƙarfinsa, amma ga babin da yake zaton za a same ta. Dukkanmu muka natsu da na biyun, domin mun san gobe in ɗalibi ya tambaye shi abin da bai sani ba, ba zai koya masa kuskure don kare girmansa ba.

Kada ya ci naman wanda ya yi wa aiki a baya, domin giba ce, kuma masu saurare za su gane haka zai yi musu watarana. In an ba shi dama ya tambayi sharuɗɗan aikin, da albashi, da inda za a tura shi. Wannan ba rashin kunya ba ne. Surukin Annabi Musa ya bayyana masa shekara 8, ko 10 in ya ga dama, Annabi Musa kuma ya tabbatar da sharaɗin da bakinsa kafin ya fara kiwo. A fiƙihu ma sanin lada da sanin aiki suna cikin sharuɗɗan ingancin ijara.

TAKARDUN JABU DA RAGE SHEKARU

Manoman tumatir da dillalai sun san kwandon da akan jera manya masu kyau a sama, a cusa ruɓaɓɓu a ƙasa. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ya ji danshi a ciki, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Manzon Allah ya tuhume shi a kan rashin fito da jiƙaƙƙen sama inda mutane za su gani, ya kuma bayyana cewa mai algus ba ya cikinmu. Fayil ɗin mai neman aiki kwandonsa ne. Wanda ya sa satifiket ɗin da bai yi karatunsa ba, ko ya ce ya yi shekara biyar yana aikin da bai taɓa yi ba, ya yi algus. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafin ƙarya ne guda biyu.

Mafi muni shi ne rage shekaru. Mutum ya je kotu ya yi rantsuwa an haife shi a shekarar da ya san ba ita ba ce, don ya shiga aikin ɗamara ko ya jinkirta ritaya. Wannan ita ce rantsuwar da ake kira gamusu, watau mai dulmiyar da mai ita cikin zunubi, Buhari kuwa ya ruwaito ta cikin manyan laifuffuka. Ramin ƙarya ƙurarre ne tun a nan duniya. A ƙarshen 2021 Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jihar Kaduna ta ba da sanarwar korar malamai 233 sabo da takardun jabu. A 1999 ma Shugaban Majalisar Wakilai ta Tarayya ya sauka daga kujerarsa bai cika wata biyu ba, a kan batun shekarun haihuwa da digirin wata jami'ar Kanada. In ƙarya ba ta tsaya wa mai wannan matsayi ba, yaya za ta tsaya wa ɗan talaka? Wanda ya riga ya faɗa cikin wannan, ƙofar tuba a buɗe take, ya je wurin malami masani ya bayyana masa halinsa don a ba shi fatawar da ta dace da shi.

CIN HANCI DA KAMUN ƘAFA

Kowa ya san ana sayar da gurabun aiki, kuma akwai wanda ya sayar da gonar gado ya saya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito la'ana a kan mai ba da rashawa da mai karɓa. Wanda ya sayi gurbi ya ture wanda ya fi shi cancanta, kuma sau da yawa yakan shiga ofis da niyyar mayar da kuɗinsa daga aljihun talakawa. Tun a zamaninsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa karɓar gaisuwa cikin miyagun al'adun masu mulki.

Tsananin bukata kuma ya sa matasanmu sun zama abin farauta. Ranar 15 ga Maris 2014 dubban ɗaruruwan masu neman aikin Hukumar Shige da Fice suka cika filayen wasa a Abuja da wasu birane, kowa ya biya Naira 1,000, aka yi turmutsitsi, fiye da mutum 15 suka rasa rayukansu. A yau kuma ga 'yan damfara a waya da intanet, suna aiko da saƙon ɗaukar aiki suna neman a tura kuɗi. Duk wanda ya ce a biya shi kafin ya ba da aiki, a guje shi. 'Yan'uwa mata kuwa, ganawar da aka ce a otal za a yi ta, ko a gidan wani, ko bayan an tashi ofis, kada ku je, kuma ko ofis ne ku tafi da muharrami ya jira a waje. Arzikin da sai an sayar da mutunci za a same shi, babu albarka a cikinsa.

Amma a bambance rashawa da kyakkyawan ceto. Suratun Nisa'i, aya ta 85, ta nuna cewa mai yin ceto na alheri yana da rabo a cikinsa, mai yin na sharri ma yana da kaso. In dattijo ya san yaro da iya aiki da amana ya shaide shi, ba tare da an danne wani ba, ya sami lada. Sharaɗin shi ne ya san shi da gaske. An ruwaito cewa wani ya zo zai shaidi wani a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa yin tafiya tare, ko harkar kuɗi ta taɓa haɗa su. Da ya amsa babu ko ɗaya, Umar ya nuna masa cewa bai san mutumin ba. Masu sa hannu a takardun shaida, daga malamai har hakimai da dagatai, su auna kansu da wannan.

Ku kuma da Allah Ya zaunar a kujerar kwamiti, ku sani ku ma ana yi muku taku ganawar. Buhari ya ruwaito cewa danƙa al'amari ga wanda bai cancanta ba shi ne tozarta amana, kuma yana cikin alamomin tashin Alƙiyama. In an riga an rubuta sunayen waɗanda za a ɗauka, sa'an nan aka tara 'ya'yan talakawa suka ci bashin kuɗin mota suka zo, to, kowace Naira da suka kashe tana wuyanku. Malamin da kuka ɗauka don ɗan wane ne, yaran ƙauyenku zai koyar. Ma'aikacin jinyar da kuka ɗauka don ya biya, wataƙila mahaifiyarku za a kwantar a gabansa.

Daga ƙarshe, ɗan'uwa mai nema, in ka yi shiri, ka faɗi gaskiya, ka fito, to, ka sauke abin da ke kanka. In an ɗauke ka ka gode wa Allah, ka tuna duk abin da ka ce ka iya a ɗakin nan ya zama alkawari a wuyanka. In ba a ɗauke ka ba kada ka ce wane ne ya tare maka, ka zauna ka rubuta tambayoyin da suka kayar da kai, ka nemi amsarsu domin gaba. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, kuma ba a ofis kaɗai Allah Ya ajiye arziki ba, gonar rake da kasuwa sun rufa wa dubbai asiri a ƙasar nan tun kafin a san albashi.

Allah Ya buɗa wa 'ya'yanmu ƙofofin halal, Ya tsare su daga haram komai ƙyalƙyalinta, Ya ba shugabanninmu ikon ɗora kowa a inda ya cancanta. Allah Ya sa mu iya amsa tambayoyin kabari da na ranar hisabi. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.